Fashin Baƙi: Me Ƙungiyar Masu Rediyon Sha'awa Ke Yi, Kuma Me Ya Sa Maraɗi Ke Buƙatar Ta?

A fagen sauraron rediyo ba a bar Bahaushe a baya ba. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, tsoho a Tibiri ko Tasawa ya san mita 19 da mita 25 da mita 41, ya san wadda ta fi kamawa da asuba da wadda sai dare ya yi. A nan Nijar kuwa, tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro da ake kira radiyo-kulob, inda mutanen gari ke zama su ji shiri tare, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a aika Yamai. Har gobe ƙungiyoyin masu zaɓe da gaishe-gaishe na nan a unguwannin Maraɗi.

Sai dai akwai wasu ma'abota rediyo da ba mu saba da su ba, waɗanda ba su tsaya ga saurare ba. Su da kansu suke kafa tasha a ɗaki, su ja waya tsakanin itace biyu, su yi magana da wani mai irin wannan tasha a Damagaram ko a Birazil, ba layin salula, ba intanet, ba kamfani a tsakani. Da Faransanci ana ce musu radioamateurs, mu ce masu rediyon sha'awa. A yawancin garuruwan duniya suna da ƙungiya, da shugabanni, da kuɗin wata, da ranar taro. Aikin irin wannan ƙungiya nake son in warware, domin na yi imanin cewa garinmu na cikin garuruwan da za su fi cin moriyarta, duk kuwa da cewa batun tsaro ya sa maganar ta yi nauyi a baki.

Da farko, wannan ba gidan rediyo ba ne irin Anfani ko Sarauniya. Gidan rediyo yana watsa wa jama'a shiri, mai rediyon sha'awa yana magana ne da takwaransa mai lasisi. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda aka kafa a 1865 kuma take da mazauni a Janeba, ta fayyace harkar da abu uku: koyar da kai, zantawa tsakanin masu ita, da binciken fasaha, ba tare da neman kuɗi ba. Ba kiɗa, ba talla, ba cinikin wake ko canjin Naira da Sefa. Sashe na 25 na dokokin rediyo na hukumar ya hana ɓoye ma'anar saƙo tsakanin ƙasa da ƙasa, wato duk abin da ka faɗa, duk mai akwatin da ya dace zai ji shi ras. Kuma dole mai magana ya riƙa ambaton lambar kiransa a kai a kai. Lambar nan gwamnati ke bayarwa, farkonta na nuna ƙasa: Nijar 5U, Nijeriya 5N, Cadi TT, Mali TZ, Benin TY, Burkina Faso XT. A riƙe wannan batu na lamba da rashin ɓoyo, domin a kansa hujjata ta tsaya.

Tarihin abin na da daɗin ji. Bayan Marconi, masanin rediyo ɗan Italiya, ya tsallakar da sigina tekun Atilantika a 1901, samari masu son sani suka yi ta ƙera na'urorinsu har suka soma damun tashoshin jiragen ruwa. A 1912 Amurka ta yi doka ta kora su zuwa zangon da bai kai mita 200 ba, bisa zaton cewa wurin ba shi da amfani. Ashe nan arzikin yake. A Nuwamban 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, daga birnin Nice, ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka a kan kusan mita 110, da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na manyan tashoshin lokacin. Daga nan gwamnatoci da kamfanoni suka farga, suka yi rububin gajeren zango. Ke nan gajeren zangon da kakanninmu suka ji labarin duniya a kansa, masu sha'awa na cikin waɗanda suka fara nuna amfaninsa. Ranar 18 ga Afrilun 1925 suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Paris, shi ya sa kowace shekara ranar ce ranar bikinsu. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1, haka ma Rajiv Gandhi na Indiya, VU2RG.

To, ta yaya murya ke tashi daga unguwar Zariya ta nan Maraɗi ta sauka a Turai? Zangunan rediyo a kasafce suke kamar babbar kasuwa, layin 'yan hatsi daban, na 'yan atamfa daban, kowa da rumfarsa. Jiragen sama na da nasu, soja na da nasu, kamfanonin salula sun sayi nasu da tsada. Masu sha'awa an yanka musu 'yan filaye nan da can. A shiyyarmu, wadda ta haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, akwai megahaz (ma'aunin zango ke nan) 3.5 zuwa 3.8 da ake kira mita 80, da 7 zuwa 7.2 wato mita 40, da 14 zuwa 14.35 wato mita 20, da 144 zuwa 146 wato mita 2, da wasunsu. Can sama, daga kusan kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, hasken rana na cajin iska, sai ta riƙa lanƙwaso gajeren zango ta dawo da shi ƙasa a nesa. Da rana sashen ƙasa na wannan iska yana shanye mita 80 da wani ɓangare na ƙarfin mita 40, da dare ya watse, sai hanya ta buɗe. Abin da tsohon nan na Tibiri ya gane da kunnensa ke nan ba tare da an karantar da shi ba. Ita ma ranar tana da zagayen kusan shekara 11 na ƙarfi da sanyi. Zagayen da muke ciki ya soma a Disamban 2019.

Mita 2 kuwa ba ta dawowa daga sama, iyakarta inda ido zai iya kaiwa da ɗan ƙari. Ita ce ta ƙananan oba-oba na hannu. Shi ya sa ƙungiyoyi ke ɗora na'urar maimaita murya a kan dogon gini ko hasumiya, ta karɓi maganar mai oba-oba ta sake cilla ta da ƙarfi, sai wanda ke Bagalam ya ji wanda ke hanyar Madarunfa.

Yanzu ga ƙungiyar kanta. Wanda ya halarci taron irin waɗannan ƙungiyoyi a karon farko yakan sha mamaki, domin rabin zaman ba maganar na'ura ake yi ba. Magatakarda ya karanta abin da aka tsayar a zaman baya, a amince ko a gyara. Ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. A tattauna wanda zai hau gyaran eriya, da ranar ajin sababbin shiga, da sabunta lasisin tashar ƙungiya, da wanda zai riƙe mabuɗin ɗaki. Sai bayan nan wani ya tashi ya nuna abin da ya haɗa ko ya koyar da wani darasi. Mutum zai ce wannan ɓata lokaci ne. Ni ina ganin nan ne ran ƙungiyar yake. Mun sha ganin ƙungiyoyi a garin nan da suka tashi da ƙarfi, aka yi riga aka buga hula, shekara ba ta zagayo ba suka watse, kuma in ka bincika za ka tarar kuɗi ne ba a rubuta ba, ko kayan ƙungiya sun koma gidan shugaba. Ƙungiyar rediyo ta fi kowace shiga wannan haɗari, saboda dukiyarta na'ura ce mai tsada wadda mutum ɗaya zai iya saɓawa a babur. Sabuwar na'urar gajeren zango mai kyau takan kai kuɗin sabon babur, ko ta zarce. Saboda haka littafin kaya, da littafin kuɗi, da littafin da ake rubuta duk wanda ya yi magana a tashar da sa'ar da ya yi, ba ƙawa ba ne.

Babban aikinta na farko shi ne koyarwa. Dokar ITU ta ɗora wa kowace gwamnati alhakin tabbatar da cewa wanda za a ba lasisi ya san aikin, shi ya sa ƙasashe ke yin jarrabawa. Ana tambayar ilimin lantarki na tushe, yadda eriya ke aiki, dokokin zango, da kiyaye rai. A da sai ka iya saƙon Morse, na ɗigo da ja, amma taron rediyo na duniya na 2003 ya ɗage wannan sharaɗi ya bar wa kowace ƙasa zaɓi. Ajin ƙungiya ne ke shirya mutum. Kuma darasin ba na allo kawai ba ne. Misali, eriya mafi sauƙi waya ce da aka raba biyu, ana samun tsawonta a mita idan aka raba 143 da adadin megahaz. Na mita 40 zai kama kusan mita 20, goma kowane gefe. Yaron da ya auna wayar da hannunsa, ya like ta da dalma, ya ɗaga ta, ya ji murya daga Italiya ta fito, ya fahimci lissafin da ya daɗe yana haddacewa a lakwal bai san amfaninsa ba.

Na biyu shi ne zaman iska. Ana tsayar da rana da sa'a da zango, mutum ɗaya ya jagoranta, ya riƙa kiran mambobi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi lambarsa, ya faɗi yadda yake jin jagora, ya ba da sanarwa in yana da ita. A ido abin kamar gaisuwa ce kawai, amma horo ne: kowa na koyon jira, da taƙaita magana, da maimaita saƙo ba ƙari ba ragi. Kuma ta nan ake gane na'urar wa ta lalace tun kafin ranar buƙata.

Sauran ayyukan na nishaɗi ne. Akwai gasa ta ƙarshen mako inda ake ƙirga tashoshi da ƙasashen da aka samu. Akwai musayar katin shaida da ake kira QSL, wanda ke tabbatar da cewa an yi magana rana kaza a zango kaza, yanzu har ta intanet ana yi. Akwai fita daji da batir da sola a kafa tasha cikin 'yan sa'o'i. Akwai taron 'yan sikawut na duniya ta iska, wanda aka fara a 1958, ake kuma yin sa a ƙarshen mako na uku na Oktoba. Wani abu da ya kamata ya taɓa mu: jerin da masu farautar ƙasashe ke bi yana da yankuna 340, kuma Nijar na cikin waɗanda ba a cika jin su ba. A Maris ɗin 2017 wata tawagar Sifaniyawa ta yi takakkiya har Yamai ta kafa tasha da lambar 5U5R, domin dubban mutane a duniya na neman su rubuta Nijar a littafinsu. Baƙi na biyan kuɗin jirgi su zo su yi magana da sunan ƙasarmu. Wannan ba laifinsu ba ne, amma ya isa ya sa ɗan ƙasa tunani.

Me ya sa na ce Maraɗi? Garin nan ruwa ne ya taɓa tashinsa. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon gari, aka hau tudu. A daminar 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a ƙasar, an yi asarar rayuka da gidaje. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga halin ni-'yasu. Duk waɗannan sun nuna abu guda: salula ta dogara da hasumiya, hasumiya ta dogara da wuta da gazuwal da igiya, kuma ɗaya ya faɗi sauran sun bi shi. Tashar mai sha'awa batir ɗin mota da faifan sola sun ishe ta. Akwai ma wata dabara da ta dace da mu ƙwarai: in aka rataya eriyar mita 40 ko mita 80 ƙasa-ƙasa, sigina sai ta miƙe sama ta zubo a kewayen 'yan ɗaruruwan kilomita. Da wannan Dakwaro da Mayahi da Gidan Runji da Tasawa duk za su ji Maraɗi, har Damagaram.

Wasu ƙasashe sun gani a aikace. Masu rediyon sha'awa sun isar da saƙonni a tsibiran Andaman bayan igiyar ruwan tsunami ta 2004, da Nepal bayan girgizar ƙasa ta 2015, da Puerto Rico bayan guguwar Maria ta 2017. Dokar ITU ma ta buɗe ƙofa ta musamman: a lokacin bala'i an yarda su ɗauki saƙon wasu zuwa wata ƙasa, abin da ba a yarda da shi haka kawai ba, kuma ta ƙarfafa gwamnatoci su ba su damar shiri. Amma kada a zuzuta. Rediyon sha'awa ba za ta maye gurbin salula ba, ba za ta aika kuɗi ba, ba za ta ɗauki hirar mutum dubu ba. Abin da za ta iya shi ne ɗan gajeren saƙo mai muhimmanci: gada kaza ta karye, ana neman jini a likita, mutum kaza na kan tudu suna jiran ceto. Shi ma sai in an yi atisaye tun da wuri tare da jami'an agaji da Kurwa Ruj, an san wa zai zauna ina, wa zai karɓi saƙo ya kai wa wa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma maganar da ke zuciyar kowa. Muna kan iyaka. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya taki kaɗan ne, kuma ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun ɓarayin daji masu satar shanu da mutane. A Satumban 2021 hukumomin Nijeriya har layukan waya suka rufe a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina don toshe wa maharan hanyar magana. A irin wannan hali, jami'in tsaron da ya ga saurayi da oba-oba a hannu da doguwar waya a kan soro yana da dalilin tsayar da shi. Wanda ya raina wannan damuwa bai san inda yake zaune ba.

Amma a duba da kyau. Ɓarawon daji ba ya neman lasisi, ba ya zama jarrabawa, ba ya ambaton lamba kowane 'yan mintuna, ba ya rubuta hirarsa a littafi. Na'urorin hannu masu araha irin Baofeng sun riga sun cika kasuwannin duniya, hana ƙungiya ba zai mayar da su masana'anta ba. Abin da hanin zai kawar shi ne mutanen kirki masu ilimin abin, waɗanda sunansu da gidansu da lambar na'urarsu ke hannun hukuma. Ƙungiya mai rajista ita ce ke sa a bambance na gari da mugu, domin duk muryar da ta fito a zangon ba lamba, mambobi ne za su fara jin ta, kuma gano inda sigina ke fitowa na cikin wasannin da masu wannan harka suka ƙware a kai. Saboda haka nake ganin cewa a wuri irin namu, ƙungiyar ce ya kamata ta riga na'ura zuwa. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da zanguna, kuma dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta tanadi yadda ake rajista. Duk wanda ya sayi na'ura ya danna ya yi magana ba izini, ya karya doka, ya jefa kansa cikin haɗari, ya kuma ɓata wa na bayansa hanya. Dattawan ƙungiya su je su gaida gwamna da magajin gari da shugabannin tsaro da Mai Martaba, su bayyana manufarsu, su miƙa sunayen mambobi da jerin kayansu, su gayyaci jami'i ya zauna a ajinsu. In hukuma ta ce a dakata da watsawa a wani yanki, a dakata, aji da saurare su ci gaba gwargwadon abin da aka yarda.

Mutanen da za su riƙe ta kuwa muna da su. Masu gyaran rediyo da talabijin da salula na bakin kasuwa, waɗanda ke ta da mataccen allo da ƙarfen dalma da ido kawai, hannunsu ya riga ya faɗa, ƙa'idar ce ba a ba su ba. Ga ɗaliban makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, masu ƙa'ida a kai amma ba su cika samun abin taɓawa ba. Ga tsofaffin ma'aikatan gidan waya da na rediyon gwamnati da suka yi ritaya da iliminsu. Haɗa waɗannan a ɗaki ɗaya kaɗai riba ce, ko da ba a kai ga yin magana da Japan ba. Kuma a sa ajin a sa'ar da 'yan mata za su iya zuwa, a wurin da iyayensu za su amince, domin ƙungiyar da ta mayar da zamanta hirar dare ta maza ta rufe wa rabin masu basira ƙofa.

Fasahar zamani ma ta sauƙaƙa farawa. Akwai 'yar na'urar saurare da ake soka wa kwamfuta, kuɗinta bai kai na salula mai kyau ba, tana nuna zanguna a allo ɗalibi ya ga sigina da idonsa. Akwai tsarin FT8 da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017, inda kwamfuta ke musayar gajeren saƙo kowane daƙiƙa 15, tana tsinto siginar da kunne ba ya ji. Akwai kuma tauraron ɗan'adam na Katar, Es'hail-2, da aka harba a Nuwamban 2018, wanda ke ɗauke da na'urar masu sha'awa mai suna QO-100. Yana tsaye wuri guda a sama, yana rufe Afirka duka da Turai, daga gabashin Birazil har Tailan, kuma da faranti irin na kallon talabijin ake kama shi, irin wanda ke kan rufin gidaje da yawa a Ali Ɗan Tsoho da Sabon Gari.

Kuɗin tafiyar da ƙungiya daga aljihun mambobi ya kamata ya fara fitowa, ko jika guda ce a wata, ɗalibi a rage masa. Tallafin ƙungiyoyin waje yana da amfani wajen samun na'ura ta farko, amma a karɓe shi da sanin hukuma, a shigar da shi littafin kaya da sunan ƙungiya. A ware wani abu don gyara, domin yanayinmu ba ya tausayin lantarki. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana gajarta ran batir, ƙurar hunturu na toshe fankar na'ura, sannan busasshiyar iska na tara caji a doguwar waya har ta yi tartsatsi. Da damina kuma aradu ce babbar barazana: a binne sandar ƙarfe mai kyau a haɗa kayan da ita, a nisanta eriya da wayar wutar gari, kuma da hadari ya haɗo a cire igiyar eriya daga na'ura a fitar da ita waje, kowa ya bar ɗakin tashar sai ruwa ya ɗauke.